Ɗan Hayan da Ya Ga Ruwa

Bulus ya zo Katsina daga Pankshin yana saurayi, da niyyar ya ɗan taɓa tuƙa motar wata ma'aikata, ya tara abin aure ya koma gida. Har ya yi ritaya bai fasa wannan niyya ba. A tsakani ya auri Talatu, 'yar Kafanchan mai ɗinki, suka haifi Gloria, suka kama haya a gidan Alhaji Lado da ke Ƙofar Marusa, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida. Bakinsa ma ya juye. In ya je gida Kirsimeti 'yan uwa kan sa shi magana don kawai su ji ya ce "mi ya hwaru".

Ba mai yawan magana ba ne. Tuƙa manya ya koya masa ya ji komai, ya yi kamar bai ji ba. A unguwa Baba Bulus ake ce masa. Ba a suna ko gaisuwar mutuwa ba shi. Zai zo ya zauna a bakin tabarma, ya yi gaisuwa, ya tashi.

Aibin gidan ɗaya ne. Wurin da can kududdufi ne, aka cike shi da shara da ƙasa aka yanka filaye. Shi ruwa ba wanda ya sanar da shi. Duk Agusta sai ya dawo wurinsa, ya shigo ta zaure ba sallama. Iyalin har sun saba: da hadari ya haɗo, Talatu ta ɗora keken ɗinki kan tebur, Gloria ta rataye takalma a ƙusa, Bulus ya naɗe ƙafar wando ya jira. Wata shekara suka tsinci tarwaɗa a kicin. Talatu ta yi farfesu da ita.

Sau ɗaya ya taɓa kai kuka wurin mai gidan. Alhaji Lado ya saurare shi da kyau, sannan ya ce, "Baba Bulus, ai ruwa rahama ne."

Bayan wata damina da ta rushe katangu a layin, aka yi shela cewa masu binciken ambaliya za su zo su ji ta bakin jama'a. Kafin ranar, Mati mai wankin mota ya zo da labari daga wata unguwa: duk gidan da aka yi wa jan alƙalami a taswira, katafila ce ke biyo baya. Masu gidaje suka taru a zauren mai unguwa suka daidaita baki. Ba wanda ya tuna da Bulus. Ɗan haya ne, kuma dama ba ya magana.

Ran Asabar da hantsi aka cika ajin firamare, dattawa sun matse a kan bencin yara. Shugabar masu binciken, wata injiniya mai suna Sadiya, ta baza taswira a tebur. Ta ce sun ga alamun ruwa a hotunan da aka ɗauko daga sama, amma hoto ba ya faɗin ta inda ruwan ke shigowa, ko iya inda yake kai wa mutum.

"Iyayena, yaya ruwa a wajenku?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji ajin gaba ɗaya.

Ta tambayi katangun da ta gani a kwance. Wani ya ce tsufa ne. Wani ya ce shi da kansa ya rushe tasa, iska yake so. Alhaji Lado ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin ruwa ya kwana a layin ba. Sadiya ta dube su, ta dubi taswirar, sai ta hango wani dattijo a can baya ya ɗaga hannu.

"Baba, bismilla."

"Ni dai gidanmu yana shiga," in ji Bulus. "Bara ya kai min ƙugu."

Alhaji Lado ya waiwaya. "Mi ka ce?"

"Ƙugu, Alhaji."

Sadiya ta miƙa masa jan alƙalamin. Ya sa tabarau, ya nemo gidansu ya ɗiga. Sannan ya tuna cewa ruwan ta gidan maƙwabci yake biyowa, ya ɗiga nan ma. Shi kuma maƙwabcin daga na gaba yake samu. Haka ya yi ta bi gida gida, a natse, har ya fito bakin titi. Ya rufe alƙalamin ya mayar, ya yi godiya.

Da aka zo kafa kwamitin unguwa kan ambaliya, mai unguwa ya ce tunda Baba Bulus ne kaɗai ya ga ruwa, sai ya shugabance shi. Ba wanda ya ja.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Gaisuwar da ake yi masa har gida da iyali da gajiya ta koma "sannu" ɗaya. Matan layin suka ɗauke ɗinkinsu daga wurin Talatu.

"Baban Gloria," ta ce, "duk shirunka na shekaru, ranar nan kake tara wa?"

"Tambaya aka yi," ya ce.

Abin ya dame shi, ko da bai nuna ba. Duk sanda ya ji ƙarar babbar mota sai ya fito zaure ya leƙa. Amma taro bai taɓa wuce shi ba. Yakan goge tsohuwar rigar aikinsa ya tafi, ya zauna shi kaɗai a madadin kwamiti, a tambaye shi ra'ayin jama'a ya ce jama'a suna gaisuwa.

Katafila ta zo da rani. Mutane suka fito suna salati. Ta haƙa magudanar ruwa ta bi layin har titi, ba ta taɓa gida ko ɗaya ba, sai dakalin Alhaji Lado da ya shigo hanya. Daminar da ta biyo, ruwa ya bi magudanar ya wuce. Bulus ya tsaya a zaure yana kallo, ƙafarsa a bushe. Gaisuwa ta dawo da tsawonta, ɗinki ya dawo, har Mati yana faɗa wa mutane cewa shi dama ya san haka za a yi.

Bayan kaka Alhaji Lado ya zo da kansa, ya zauna aka gaisa sosai. Ya yaba wa Bulus, ya ce gidan ga yanzu ya zama gida. Sannan ya ce ɗansa Ashraf zai yi aure, kuma da can ba zai iya sa 'yar mutane cikin ruwa ba, amma yanzu alhamdu lillahi.

"Allah ya sanya alheri," in ji Bulus.

Talatu ta yi kuka ranar da aka kwashe kaya. Shi ya ɗan jima a ɗakin da ba komai, sannan ya ja ƙofa ya kai wa Alhaji makulli. Suka koma Batagarawa, gida kan tudu, kusa da gonaki.

Har yau shi ne shugaban kwamitin. Ya nemi a sauke shi tunda ya bar unguwar, mai unguwa ya ce a bari sai an samu wanda ya dace. In akwai taro yakan hau adaidaita ya shigo gari. Yanzu ajin cika yake yi, kowa da abin faɗi game da shara a magudana, Alhaji Lado ma ya fi kowa. Bulus ya saurara har su gama, ya ce a rufe da addu'a.