Abin da Yaya ta faɗa bayan na fita salla

Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta a Yendi, ban taɓa yarda da takardar da ban karanta da idona ba. Da wannan hali na karɓi kwamfutar da 'yata ta bar mini.

Wata uku kafin rasuwar yayata na je Salaga na ɗauke ta a bidiyo tana jero asalin gidanmu. Ita kaɗai ta rage da ta san wane ne babba cikin kakanni biyu da aka haifa a damina ɗaya: namu na Yendi, ko na 'yan'uwanmu na Bawku. Gidan da kakansa ne babba shi ke raba goro a taron dangi, kuma tun ina saurayi gidanmu ke rabawa, na Bawku suna ƙorafi. Ran nan na jingina wayar da buta, na fita sallar la'asar, na bar ta tana ta magana.

Da sadakar arba'in ta matso, na soka wa kwamfutar filashi, ɗan abin ajiyar da na kwafe bidiyon a ciki, na zauna in tace shi don a nuna wa dangi. Ko'ina yana ɗan tsalle, amma daidai inda ta ce "Babban kuwa shi ne", sai hoton ya daskare, murya ta yi in'ina, ta faɗo kan zancen rijiyoyin Salaga. Sau bakwai na maimaita.

Nan na tuna cewa ɗan'uwana na Bawku, Alhajin da ke sayar da albasa, ya kwana biyu a gidana, kuma a ɗakin da kwamfutar take na sauke shi. Na kira shi.

"Alhaji, me ka taɓa a ɗakina?"

"Matashin kai, Hedimasta. Shi ma duwatsu ka cusa masa."

"An yanke maganar Yaya."

"Ni da jikata ke buɗe mini waya? Ƙanena, tsufa ne ya kama ka."

Ban amsa wannan suna ba, ban kuma gamsu ba.

Na kai kwamfutar wurin wata hajiya mai haɗa bidiyon biki kusa da kasuwa. Ta duba, ta ce, "Baba, ba wanda ya yanke komai. Wayarku ta ɗauki hoto mai nauyi, kwamfutar kuwa ta tsufa, ga shi daga filashi kuke kunnawa. Ku kwafe shi cikin kwamfutar, ku sa manhajar tace bidiyo ta fitar da shi sabo gaba ɗaya, sannan ku kalla." Na lura harshenta na mutanen Bawku ne. Na yi godiya, ban bar mata filashin ba.

A gida na bi umarninta, sai dai na zaɓi mafi ƙanƙantar girma don a gama da wuri. Fuskar Yaya ta fito dishi-dishi, ba a ko ganin zanen goshinta. Na kashe tun a minti na farko, ina zargin hajiyar. Washegari na sake, na zaɓi girman da wayar ta ɗauka tun asali. Daga hantsi har azahar yana fita.

Yaya ta bayyana tangaran, har da bakin butar a gefe. Ta gyara mayafi, ta ce, "Babban kuwa shi ne na Bawku, da kwana tara. Babanmu ya sani. Kada ku gaya wa Hedimasta, ba zai ji daɗi ba."

Na daɗe ina duban alamar almakashin yanke bidiyo da ke saman manhajar. Na riga na iya aiki da ita, kuma ba wanda ya san abin da ke wurin sai ni.

Ran sadakar, a Salaga, aka kunna bidiyon yadda yake. Da ya ƙare na miƙe na ajiye kwaryar goro a gaban Alhaji. Ya dube ni, ya dubi kwaryar, bai taɓa ta ba.

"Hedimasta, me ka shirya mini? A sake kunnawa in ji da kyau."

Aka sake. Sai da ya ji sau uku ya fara rabawa, ni ya fara ba.