Kunnen Baba Ƙwanƙwasa

A masana'antar sabulun da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya, Baba Ƙwanƙwasa ake ce masa. Aikinsa sanin inda ruwa ya kai a cikin tankunan dafa sabulu guda shida, kowanne ya yi tsayin bene. Ba a leƙa su, domin abin da ke ciki tafasa yake. Shi sai ya bi matakalar da ta zagaye tanki da sifana a hannu, yana bugun ƙarfen taki bayan taki. Inda akwai ruwa sautin a toshe yake, inda babu kuwa sai ya yi ƙara kamar garwa. Idan ya ce saura kamu uku tanki ya cika, to kamu ukun ne.

Da wannan sifanar ya yi aure, ya gina ɗaki biyu da falo, ya sa babban ɗansa a kwalejin fasaha. Ɗan ya gama, masana'antar ta ɗauke shi, kuma shi aka ba aikin ɗaura wa tankunan na'urar awo. Ana kafa ta a saman murfi, ta aika sauti ƙasa, ta saurari dawowarsa daga fuskar ruwa, ta rubuta lamba a allon ɗakin kula. Ma'aikata suka raɗa mata Jemage.

Jemage yana da ciwo guda. Idan tururi ya yi yawa, sai gumi ya taru a fuskarsa, sautin ya dawo tun bai je ko'ina ba, allo ya ce tanki ya cika alhali da saura. Sai an hau an goge shi da tsumma.

"Baba, Jemage zai yi maka ritaya fa," in ji ɗan wata rana suna cin abinci a gindin tanki.

"Wa? Mai murar nan? Ka fara sayo masa hankici tukuna."

Wata Talata da hantsi, allo ya nuna tanki na huɗu ya cika. Ɗan ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, taimaka ka ji min na huɗu."

Baba ya hau, ya buga, ya sake bugawa. Daga tsakiya zuwa sama ƙarar garwa ce.

"Rabi da kaɗan. Murar ce ta tashi."

Ɗan ya ɗauki tsumma ya hau, ya buɗe ƙaramin murfin da ke kusa da na'urar. Kumfa ce ta taso a ranar har baki, tana tafasa, kuma kumfa a kunnen sifana daidai take da iska. Ta kwararo masa a jiki. Ya yi kwana biyu a asibiti, ya rasu. Shekararsa ashirin da bakwai.

Masu bincike suka rubuta cewa kumfa ta yi ambaliya, suka ƙara doka a kan buɗe murfi. Ba wanda ya rubuta maganar da aka yi ta taga. A gida ma Baba bai faɗa wa matarsa ba. Abin da ya zauna masa a rai tambaya ɗaya ce: a safiyar nan gaskiya Jemage ya faɗa, shi ya ƙaryata shi?

Ya ci gaba da zuwa aiki. Kowace safiya idan aka sakar wa tanki na huɗu wuta, lambar takan yi tsalle ta ce ya cika, ta tsaya minti huɗu ko biyar, sannan ta sauko da kanta. Masu shara suka fara cewa akwai mai hawa yana gogewa. Baba ya san bayanin: fuskar na'urar ce ke yin zafi, gumin ya ɗiga. Duk da haka yakan tsaya gaban allon har lambar ta sauko, kuma ba ya iya kallon saman matakalar a lokacin.

Bayan shekara biyu aka turo wata injiniya, mace mai gilashi da ƙaramar murya, ta cire Jemagu duka ta sa wata na'ura mai dogon ƙarfe da ke nutsewa cikin ruwan, wadda tururi bai cika ruɗa ta ba. Ranar da ta sauko da na tanki na huɗu a cikin kwali, Baba ya tare ta a ƙasan matakala.

"'Yata, abin nan yana riƙe abin da ya gani?"

"Shi ba ya riƙewa, Baba, amma kwamfutar ɗakin kula tana ajiyewa. Wace rana kake so?"

Ya faɗa mata ranar da awar. Ta dube shi, ba ta tambayi dalili ba.

Washegari ta same shi da takarda ɗaya mai zanen layi. Ta nuna da biro inda layin ya haura da ƙarfe goma saura kwata.

"Nan ya ce ya cika. Amma dubi jiyan ranar, da shekaranjiya. Haka layin ya haura, kuma gumi ne kawai."

"To a ranar fa? Kumfar ya gani ko gumin?"

"Na kwana ina dubawa tun kafin in buga takardar. Ba za a iya rabewa ba. Da kumfa da gumi, lamba ɗaya yake bayarwa."

"Kada ki lallashe ni. Jikoki gare ni."

"Da na gani da na faɗa maka, Baba. Ba ya cikin takardar."

Ya ninke ta gida huɗu ya sa a aljihu. Ya zo da shirin jin cewa shi ne, ya kuma zo da ɗan fatan jin ba shi ba ne. Bai yi tanadin wannan amsar ba.

Da yamma ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya. Ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba, ya miƙa mata takardar. Ta juya ta sama da ƙasa.

"Ni me zan gane a zanen tsutsa, Malam?"

"Na ranar ne. Injiniya ta ce ba a san ko na'urar ta yi daidai ba."

Ta ajiye kwandon. "Kai kuma me ka ce masa ta taga?"

Ya ɗago kai.

"Matar direban tanka ta gaya min tun a makon farko," in ji ta. "Mijinta yana wurin. Jira nake in ji daga bakinka."

Ya daɗe yana kallon igiyar shanyar. Sauran riga ɗaya a kai.

"Rabi da kaɗan," ya ce. "Haka na ce masa. Na buga sau biyu."

Ta matsar da kwandon da ƙafa, ta zauna kusa da shi a kan dakalin.

"Fara min daga safe," ta ce. "Me ya ci kafin ya hau?"