Akwati Mai Ƙaho Biyu a Gidan Kwano

Na yi dako a tasha. Na yi haƙar zinare, rami ya rufta da ni, na fito. Daga baya na samu gadi a wani gidan hayar ɗalibai a Gidan Kwano, kusa da Minna, da ɗaki guda a bakin ƙofa. Shi ne ɗaki na farko da na taɓa riƙe makullinsa. Ban yi boko ba. Wannan ma faɗa na yi aka rubuta.

Mai gidan wani Alhaji ne mutumin Bida. Wata rana ya zo da wata injiniya, ta kafa ɗan akwati mai ƙaho biyu a baranda, ta ja masa waya. Ta ce wayales ne, da shi ɗalibai za su shiga intanet daga ɗakunansu. Ta ce a sa masa kalmar sirri. Alhaji ya ce ba ya son wahala, ai yana da maigadi.

Ba a jima ba bayan katangarmu ya cika. Ɗaliban wasu gidaje, kowa da kwamfuta a cinya. Har mai shayi ya dawo da teburinsa wurin. 'Yan hayarmu suka fara kuka, wai abin ya koma tafiyar hawainiya.

Alhaji ya ce, "Maigadi, ana sata a gidana kana zaune. Ko ka tsayar da ita, ko ka ba ni makullina."

Na ce, "Me aka ɗauka?"

"Intanet."

"Ta ina ya fita?"

"Ta iska."

Na ɗauki gora na kore su. Suka tsallaka titi suka zauna gindin mangwaro, abin ya bi su can.

A Minna, duk abin da ake tsoron a sace, ƙarfe ake yi masa. Janareto ma haka. Na kira wani mai walda daga unguwar Kpakungu, ya yi wa akwatin gida na ƙarfe mai kauri, na danna kwaɗo. Gindin mangwaro ya watse. Sai ga 'yan haya a kaina.

"Baba, ka kashe mu! Ko a ɗaki ba ya kamawa!"

Injiniya ta zo, ta ga aikina, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta cire ƙarfen, ta sa kalmar sirri, ta faɗa wa 'yan haya. Kafin Juma'a katanga ta sake cika. Kowa yana da aboki, yana da budurwa, yana da ɗan garinsu. Mai shayi ma gyara yake bayar da ita a kan burodi.

Alhaji ya zo ya miƙo hannu. Makulli yake so.

Injiniya ta ce, "Alhaji, dakata. Duk wanda ya san kalmar nan yana da baki." Ta dube ni. "Baba, ka iya karatu?"

"A'a, 'yata."

"Madalla. Zo."

Ta turo min kwamfutarta, ta kau da kai, ta ce in danna abin da na ga dama, amma in riƙe. Na bi maɓallan kamar ina shiga lungun Kpakungu: hagu, dama, tsallake kwata, miƙe. Na yi ta maimaitawa har yatsana ya haddace hanya. Sunan harafi ko ɗaya ban sani ba.

Daga ranar, ɗan haya sai ya kawo kwamfutarsa bakin ƙofa, ya juya baya, in danna. In wani mai wayo ya tono ta, injiniya ta zo in sake lungu. Sun lallashe ni, sun kawo min tsire. Na ci tsiren. Ba ni da abin faɗa.

Rannan Alhaji ya sayo sabuwar waya.

"Maigadi, faɗa min kalmar."

"Ban san ta ba."

"Gidana ne fa!"

"Juya baya, Alhaji."

Ya miƙo min wayar. Sannan ya juya. Bai sake maganar makulli ba. Gidan ƙarfen kuwa, kazata ce ta yi ƙwai a ciki.