Taɓaryar da Na Ɗaga wa Jikana

Ɗana na fari wutar lantarki ce ta ci shi, a wani injin niƙa a Baure. Waya ta zare ta taɓa ƙarfe, ya dafa ƙarfen, ƙarfen ya riƙe shi. Mutane suna tsaye suna salati, shi yana karkarwa, har ƙaurin fatarsa ya cika rumfar. Ko da na iso an lulluɓe shi. Na buɗe tafin hannunsa, ya tsage kamar rogon da ya dahu. A zaman makoki wata mata ta ce da an samu mai zuciya ya maka masa busasshen itace, da ya saki. Ita ta faɗa ta tafi gidanta. Ni maganar ta zauna mini a ƙirji, ba ta tashi ba.

Yaro ɗaya ya bar mini. Ni na goya shi, ni na rene shi, har ya yi gemu a Daura, ya koyi haɗa kwamfuta. Da hannunsa na dama yake ci, da shi yake ciyar da ni.

Wata rana da hantsi, cikin rani, ina surfen gero. Na ƙwala masa kira ya zo ya sauke mini buhu, shiru. Na nufi ɗakinsa da taɓarya a hannu. Na ɗaga labule. Yana durƙushe gaban akwatin ƙarfe, ƙafa ba takalmi, waya ta naɗe wuyan hannunsa na dama ta tafi ta cije ƙarfen. Kansa yana kaɗawa, kafaɗunsa suna rawa. Na kira shi sau uku, bai juyo ba.

Ban ga jikana ba a lokacin. Ubansa na gani.

Na ɗaga taɓarya da hannu biyu, na sauke a kan damtsen nan. Na ji ƙas, kamar an karya kara. Wayar ba ta sake shi ba, na ƙara. Na biyun ne ya jefa shi jikin bango, gefen akwatin ya yanke masa goshi, jini ya rufe masa ido. Wasu 'yan abubuwa suka faɗo daga kunnuwansa, kiɗa yana fita a ciki siriri. Ashe waƙa yake ji.

"Wayyo Allah! Tsohuwa, kin kashe ni!"

"Na ƙwace ka dai. Wuta ce ta kama ka."

"Wace wuta? Kwana uku rabon unguwar nan da wuta!"

Na dubi hannun. Ya lanƙwashe a inda Allah bai yi masa gaɓa ba.

Aka ɗauko mai ɗori daga garin Babban Mutum a kan babur. Maza huɗu suka danne jikana, mai ɗori ya taka masa hammata ya ja. Kukan da ya yi, ko rago a hannun mahauci bai yi irinsa ba. Ya suma, aka watsa masa ruwa, aka sake ja. Da aka ɗaure kara, mai ɗori ya ce ƙashi zai haɗu, amma yatsu sai yadda Allah ya yi. Ni ina bakin ƙofa, ba wanda ya ce mini komai. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana bakwai bai yi mini magana ba. Rana ta takwas ya ce, "Amarya, tunda kin karya mijinki, sai ki yi masa aikinsa. Mai kwamfutar nan yana jira."

Na ce, "Ni da ban san alif ba?"

"Taɓarya ma ba a makaranta kika koya ba."

Ya sa na tuɓe takalmi. Ya sa na cire mayafina mai santsi, na naɗe dardumar ɗakin na fitar. Ya ce, "Kin san tartsatsin nan da ke tashi in kin ja bargo da rani, ya ɗan cije ki? Wuta ce da jiki ke tarawa. Ke ba ta yi miki komai, amma in ta sauka kan wannan koren allon na kwamfuta, ya mutu, ba kuma za ki ga alamar rauni ba. Wayar nan hanya ce ta zubar da ita cikin ƙarfe."

Ya miƙo wayar da hannun hagu. Na ji ƙaurin rumfar Baure a hancina. Na rufe ido na miƙa hannu, ya ɗaura, ya maƙala bakinta jikin akwatin. Na jira mutuwa. Ba abin da ya zo.

"Dafa ƙarfen tukuna. Yawwa. Kama allon ta gefe, kamar kina ɗaukar faifai mai zafi. Kada ki taɓa haƙoran zinaren nan! Danna. A hankali, tsohuwa, ba turmi ba ne!"

Kwana biyu muna yi, bakinsa da hannuna. Ranar da aka kawo wuta ya danna maɓalli, fanka ta juya a ciki, gilashi ya yi haske. Ya yi dariya har ɗorin ya motsa, dariyar ta koma ihu.

Ƙashi ya haɗu. Yatsu uku sun dawo, biyu na ƙarshe har yau ba sa lanƙwasa. Da ukun yake aiki, ba kuma ya toshe kunne in ina gida. In abokansa suka zo ya kan ɗaga hannun ya ce ga lefen da amaryarsa ta yi masa.

Ya taɓa tambayata ko na yi nadama. Na ce na yi, ta yatsun nan biyu, kullum na gan su. Amma in na sake ɗaga labule na ga waya a hannunsa, na kira sau uku bai amsa ba, taɓaryar tana nan bayan ƙofa.