Jan Mazari a Gefen Arfa

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da na tafi Arfa neman mazari ba.

A lokacin daga ni sai mahaifiyata muka rage a gidanmu na unguwar Misfala a Makka. Mahaifina ya rasu, ƙannena mata suna aure a Jidda, aminiyar mahaifiyata ta ƙarshe kuma ta koma Nijar. Inna ta daina hira, abinci ma sai na yi ta lallashi kafin ta taɓa. Likita ya ce lafiyarta lau. Ni kuwa haihuwar Makka ne, Hausata a lokacin rabinta Larabci ce. Haka muke wuni shiru, muna jin takun masu tafiya Harami.

Wata safiya aka tafka ruwan sama. Ta leƙa taga ta ce, "Da a garinmu ne, da yanzu mazari ya cika fadama."

"Mene ne mazari, Inna?"

"Kai, ɗan nan! Ƙwaro ne dogo, mai fikafikai huɗu kamar gilashi. Rabona da shi tun ina budurwa."

Bayan 'yan kwanaki na ɗauki mota. Na san wani kwari a gefen Arfa inda ruwa ke kwanciya, don a can nake jigilar alhazai lokacin aikin Hajji. Filin da na saba gani maƙil da jama'a, ranar babu ko mutum ɗaya. Na tsuguna bakin kududdufi, taɓo ya riƙe mini takalmi, rana tana dukana. Har na fara karaya, sai ga shi, ja wur, ya sauka kan wani tsinken ciyawa. Da na matsa da waya sai ya tashi. Na yi ta binsa a banza kafin na lura kan tsinken nan yake komawa. Na saita wayar na jira, ya dawo, na ɗauki hotonsa. Don murna na waiwaya in ce wa wani ya zo ya gani. Babu kowa.

A gida Inna ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Shi ne," in ji ta. "Amma namu shuɗi ne."

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin yayarta da suke kama mazari tare suna ɗaura masa zare, wadda ta rasu can garinsu Inna tana nan Makka, ba su yi sallama ba. Ban taɓa sanin tana da yaya ba. Ta yi kuka sosai, ta share ido, ta ce, "Ya waladi, ɗana, zubo mini shinkafar nan."

Ta ƙara shekaru a duniya, kusan kullum da abin da nake tambayarta. Ranar da na kawo mata hoton mazarin ne na gane cewa tsoho ba don labarinsa ya ƙare yake yin shiru ba, mai tambaya ya rasa.