Kawu, Wayar Anti Ta Yi Ƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga gare shi muke, can kuma za mu koma. Ranar Litinin, tara ga watan nan da muke ciki, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawunmu na ofis a gadon asibiti, bayan jinyar da ta ɗauke shi watanni. Ina cikin mota zan tafi aiki saƙon ya shigo guruf ɗinmu. Na karanta, na kife wayar a cinya, kuma duk wanda ya san ni ya san ban saba kife waya ba.

Kawu, ka yi haƙuri sai yanzu nake rubutawa. Mutane suna ta tambayata a akwatin saƙo, wai ke da ko ruwa aka yi sai kin ɗora, ya aka yi kika yi shiru? Gaskiya akwai abin da ya tokare min ƙirji, sai jiya ya sauka. Shi nake so in ba ka labari. Ni ba marubuciya ba ce, makarantar ma ban ƙarasa ba, yadda nake magana haka zan rubuta.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Kawu ba ƙanen mahaifiyata ba ne, ba mu haɗa jini ba. Shi ne dattijon ofishinmu, shi ya sa kowa ke ce masa Kawu, har Shugaba da kanta. Ofishin ɗaki biyu ne a saman bene, muna yin manhajar waya da ke tuna wa masu hawan jini da ciwon suga lokacin shan magani. Ni a lokacin a ƙasan benen nake, a shagon sayar da caja da rigar waya. Kawu, wata rana ka sauko sayen caja, ka same ni ina zagin wata manhaja da ta maƙale min. Ka miƙo min taku manhajar a wayarka ka ce in gwada. Kafin in ba ka canji na maƙalar da ita. Maimakon ka ji haushi sai ka yi ta dariya har da riƙe ƙofa, ka ce, "Auta, hannunki na ɓarna ne, kuma irinsa muke nema." Haka na hau bene na zama mai gwaji.

Lokacin duk gwajinmu a kan wata tsohuwar kwamfuta yake, a ƙarƙashin teburinka, tana huci kamar injin niƙa. In Dogo, mai rubuta mana manhajar, ya yi gyara, ita ce za ta haɗa komai ta bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya, in lafiya allo ya yi kore, in da matsala ya yi ja. In aka ɗauke wuta kuwa shi ke nan, sai a koma farko. Kai ka dage sai mun koma injinan haya na intanet, waɗanda ake ce wa na gajimare. Ni da farko na ɗauka da gaske a sama suke. Ka ce min a'a, kwamfutocin wasu ne a wani ƙaton ɗaki mai sanyi, mu dai ara muke, mu gama mu mayar.

Ranar da ka buɗe min shafin zaɓen injin, kaina ya yi zafi. Sunaye ne birjik, haruffa da lambobi kamar lambar mota. Na ce mu ɗauki mafi girma kawai mu huta. Ka kalle ni ta saman gilashi ka ce wato tirela zan ɗauko don in kai katifa ɗaya. Sannan ka zaunar da ni ka nuna min cewa ba injin ake fara kallo ba, aikin ake fara kallo. Wani aikin gudu yake so, wani kuma wuri yake so ya baje kayansa, wato ƙwaƙwalwa. In ka ba mai son wuri injin mai gudu amma matsattse, zai shaƙe ya mutu a hanya. Ka nuna min layukan nan masu hawa da sauka da ke nuna abin da aikin ke ci, ka ce kafin in zargi kowa in fara duba su.

Abin da ya fi tsaya min shi ne injinan nan masu araha, waɗanda masu su za su iya karɓe abinsu ko yaushe, ko da kana tsakiyar aiki. Na ce wa zai yarda da wannan wulaƙancin? Ka ce mu. Haɗawar ƙarshe, wadda za a tura wa mutane, ita kam a kan tsayayyen inji kake yin ta. Amma gwaje-gwaje ka yayyanka su gutsi-gutsi, ka tsara yadda in an karɓe inji, wani zai taso ya ɗauka daga inda aka tsaya. Kuma ba ka yarda da baki ba. Duk ranar Alhamis da kanka kake kashe inji ana cikin gwaji, ka naɗe hannu kana shan shayinka, kana jira ka ga ko aikin zai tashi. Dogo yana ce maka mugu.

Da ciwon ya fara cin ka sai ka ƙaro wata. Wata Alhamis muka zo ba ka nan, sai saƙo a guruf: "Yau an karɓe Kawu. Ku ci gaba." Wayarka a kashe. Wallahi na ji haushinka ranar, na tura maka saƙon murya mai tsawo ina masifa. Washegari ka shigo da lemo a leda ka ajiye min, ka ce, "To me ya tsaya jiya?" Muka faɗa maka, ka nuna mana, ka sa kowa ya yi da hannunsa. Haka ka riƙa yi mana lokaci zuwa lokaci, har duk wani mabuɗin sirri na aikin da ke hannunka ya zama akwai shi a hannun wani. Mu muna ganin rigimar tsufa ce. Ashe kai ka riga ka ji abin da likita ya ce.

Kana kwance a asibiti matsala ta taso. Sababbin wayoyi suka yi wata sabuntawa, manhajarmu ta daina ƙara a kansu. Ba ta mutu ba, tana nan, amma lokacin magani ya zo ya wuce shiru. Cikin wayoyin har da ta Anti, matarka, wayar da kai ka saya mata. Anti tana da hawan jini, kuma da bakinta take cewa in ba a tuna mata ba, ita da magani sai dai labari. Da na je duba ka, na same ka ko ruwa ba ka iya riƙewa, amma lokaci na yi ka ɗaga yatsa ka nuna jakarta. Kai ka koma mata manhajar. Ta ce, "Kin gan shi ko? Shi ne mara lafiyan, ni yake jinya."

Bayan an kai ka, tunanin da ya hana ni sakat ke nan: yanzu wa zai ɗaga mata yatsa? Gida cike da masu gaisuwa, ita ko abinci sai an matsa mata. Na kan kira 'yarku in ce ta tuna mata, amma ita ma tana cikin nata kukan. Kuma ba Anti kaɗai ba ce, akwai tsofaffi da yawa da ba su da mai kira.

Dogo ya riga ya yi gyaran. Amma dokarka ita ce ba abin da ke fita sai allo ya yi kore, kuma gwajin ya ƙi ƙarewa. Ya kama, ya yi nisa, sai ya mutu. A sake, ya mutu. Muka zauna a ɗakin, kujerarka tana nan da rigar sanyinka a rataye, ba wanda ya iya matsar da ita. Shugaba idonta jawur ta ce, "Ko mu tura haka nan? Mutane na can ba sa shan magani." Ba wanda ya ga laifinta, ni ma zuciyata can ta karkata. Dogo ya ce ƙila karɓe injinan ake ta yi. Sai shi da kansa ya ce, "Auta, buɗe mana layukan nan na Kawu."

Muka haɗa kai a allo mu uku. Ba karɓe su ake ba. Sabon gwajin yana kunna wayoyin ƙarya, wato na kwaikwayo, irin sababbin nan a cikin injin, su kuma wuri suke ci. Layin gudu yana kwance a ƙasa, na ƙwaƙwalwa ya hau har ya bugi rufi, nan yake shaƙewa. Shugaba ta ce a ɗauko mafi girma. Ni da Dogo muka kalli juna, muka ce tirela, sai ga mu muna dariya da hawaye. Muka zaɓi matsakaici mai faɗin ƙwaƙwalwa, cikin masu arahan nan dai, aka ce ni in danna. Na danna.

Ana tsakiya sai saƙo ya fito, an karɓe injin. Wannan karon da gaske, ba kai ba ne. Muka zuba wa allon ido. Ba wanda ya yi motsi. Can sai wani ya taso, ya ɗauka daga daidai inda aka tsaya, ya ci gaba abinsa kamar ba a yi komai ba. Dogo ya cire hula ya rufe fuska.

Da ya ƙare ma ba kore ya fara yi ba, ja ya nuna a wuri ɗaya. Ashe da gyaran nan, a wasu wayoyin ƙarar sau biyu za ta yi, a ce wa tsoho ya sha magani ya kuma sha. Shugaba ta dafe kai tana salati. Dogo ya gyara kafin la'asar, muka sake, allo ya yi kore daga sama har ƙasa. Muka haɗa ta ƙarshe a kan tsayayyen inji yadda kake yi, muka tura.

Jiya na koma gidanka gaisuwa. Na karɓi wayar Anti na sabunta mata manhajar. Muna zaune a falo, mata cike, ana ta addu'a, sai wayar ta yi ƙarar nan tamu daga cikin jaka. Anti ta buɗe jakar. Ta ciro ta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa 'yarku, "Miƙo min ruwa, babanku ya ce lokaci ya yi." Ta sha maganinta a gabana. Ni dai na tashi na fita tsakar gida, don kukan da ya zo min ba irin na kwanakin baya ba ne, mai sauƙi ne.

Kawu, an karɓe ka ana tsakiyar aiki, kuma aikin bai faɗi ba. Ka huta da allurai, ka huta da tunaninmu.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Allah Ya yalwata maka kabari Ya haskaka shi. Duk wanda wayarsa ta yi ƙara ya sha magani a kan lokaci, Allah Ya kai maka ladan. Anti, da ke da yara da dukkan dangi, a madadin mu na saman bene ina miƙa ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri Ya tsare bayansa. Ku da kuke karantawa, ba na neman ku danna komai yau, ku dai sa shi a addu'a. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.