Hannuwan Guduma a Aljihu

Duk tabon da ke jikin yayana na san asalinsa, domin yawancinsu ni na ɗinke. Ni nas ce a asibitin jami'a, amma tun ban san yadda ake riƙe allura ba nake wanke masa jini da ruwan gishiri a bayan ɗakin mahaifiyarmu. Guduma ake ce masa, kuma ba don ya taɓa aikin kafinta ba.

A tashar mota ya tashi, yana lodi. Mutum ne da hannunsa ya fi bakinsa sauri, wanda ya fara zaginsa bai cika ƙarasawa ba. Tabon girarsa na kwalba ne, na kafaɗa kuma ƙarfen kwance taya. Ranar da abin ya kai maƙura ina wurin, na kai masa abinci. Wani kwandasta ya ambaci uwarmu, Yaya ya ajiye kwanon a hankali, ya kai masa naushi ɗaya. Na ji ƙarar muƙamuƙin daga inda nake tsaye. Mutumin ya faɗi, ƙeyarsa ta daki bakin kwalbati, haƙoransa suka watse cikin baƙin mai. Bai mutu ba, amma har yau da cokali ake ba shi abinci. Yaya ya tafi gidan yari, kuma yana can mahaifiyarmu ta rasu.

Da ya fito, bai zo gida ba sai da ya je ya ga mutumin nan. Ban san abin da suka yi ba. Na dai san ya dawo ya zube mini wandunansa a gaba ya ce, "Auta, ki ƙara musu zurfin aljihu." Tun daga ranar, da zarar ransa ya fara ɓaci sai ya tura hannuwan biyu cikin aljihu har wuyan hannu, ya tsaya ƙiƙam har abin ya wuce. Ni na yi ta sintiri a ofisoshi har aka ɗauke shi direba a jami'armu. Shugaban sashen motoci ya faɗa masa a gabana cewa ranar da ya taɓa wani, ko da tsinken tsintsiya ne, shi da kansa zai miƙa shi ga 'yan sanda.

Ana nan sai aka ƙulla wata yarjejeniya. Jami'armu da wasu uku na ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu duk suna son koyar da ilimin ƙasashen Asiya, amma babu wadda ke da ƙarfin buɗe cikakken sashe. Sai suka ce a haɗa hannu: wannan tana da malamin tarihi, waccan tana da littattafai, mu kuma muna da malamar Japananci. Kowane zango sai a yi musaya. Manya suka sa hannu, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Wanda ya ɗauki yarjejeniyar a bayansa kuwa Yaya ne, shi da wata tsohuwar bas wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai ta waje.

Malamar 'yar tsohuwa ce, tsayinta bai wuce hammatarsa ba. Ya sha kai ta ya dawo da ita, ya tsallaka iyaka da kwalayen littattafai, jami'an kwastan suna zazzage su a ƙasa suna tambayarsa abin da aka rubuta, shi yana tsaye hannuwa a aljihu. Ina tsokanarsa ina cewa, "Farfesa, yau me aka koyo?" Ya ce shi dai da Japananci ya iya cewa na gode, kuma ya iya cewa an iso. Wata rana ya ce mini, "Kin san tana barci a kujerar gaba? A gefena fa, Auta. Har da minshari." Na yi dariya, sai daga baya na gane. Tun da ya fito, babu wanda ya taɓa rufe ido kusa da shi.

A shekarar da abin ya faru, yajin aiki ya cinye mana rabin zango. Aka buɗe makaranta, ɗalibanmu ba su gama ɗumama kujera ba sai lokacin musaya ya yi, ga jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Jami'ar da ke jira ta aiko cewa in ba a kawo Malama ba, za ta janye, ta ɗauke malamin tarihinta. Ɗalibanmu kuma suka ce in ta tafi sun yi asarar shekara. Gaskiya kowa yana da ita. Manyanmu, maimakon su fito su yi wa yara bayani, sai suka ce wa direba ya ɗauke ta da hantsi, su kuma suka shige taro.

Asibitinmu yana kallon babbar ƙofa, don haka a kan idona aka yi. Ɗaliban sun tare hanya da bencina da tayoyi. Yaya ya tsayar da bas, ya sauko, ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihu, hannu ya bi shi. Shugaban ɗaliban, wani dogo mai tabarau wanda Yaya ya sha rage wa hanya, ya ce, "Baba, ba da kai muke ba. Ba mu makulli kawai."

Yaya ya ce, "Can ma yara ne kamarku, suna jira. Ni na ce musu zan kawo ta."

Aka fara da ture. Wani ya shaƙi wuyan rigarsa, wani ya ja hannunsa don ya fito da shi daga aljihu, hannun bai motsa ba. Sai mari. Na ga wuyansa ya kumbura, jijiyar nan da na sani tun ina yarinya ta miƙe, na ce a raina yau wani ɗan mutane zai kwana a mutuware. Bai ɗaga hannu ba. Da suka ga haka sai abin ya zame musu hauka. Suka rufe shi da duka, bel, duwatsu, ƙafar benci. Leɓensa ya fashe, jini ya wanke gaban rigar. Malama tana ciki tana dukan gilashi da tafin hannu tana kuka, tana neman a buɗe ta fito. Ya faɗi a kan gwiwa, ya jingina bayansa da ƙofar, suna ta harbin haƙarƙarinsa da takalma. Na kutsa ina zagin iyayensu ɗaya bayan ɗaya, wani ya hankaɗe ni na faɗi. Ina ƙasa na ga wani katako ya sauka a fuskarsa, da ƙusa a jiki.

Jinin ne ya kore su, ba masu gadi ba. Suka ja baya, wasu suka zubar da abin da ke hannunsu suka gudu.

A kan gadon asibiti mun yi mun yi mu fitar da hannuwansa daga aljihu, suka ƙi. Ya dunƙule su har sun fi bakin aljihun girma. Na ɗauko almakashi na farke ɗinkin da ni na yi da hannuna. Na buɗe yatsunsa ɗaya ɗaya. Makullin ya nutse cikin naman tafinsa, sai da na sa hantsaki na ciro shi.

Washegari wani direba ya kai Malama. Yarjejeniyar tana nan har yau, har an ƙara jami'o'i biyu. A wajen bikin ƙarin, shugaban jami'armu ya yi alfahari cewa an shawo kan rikicin ba tare da ko ɗalibi ɗaya ya ji rauni ba, aka yi ta tafi. Idon Yaya na dama ya tafi, kuma ba a ba mai ido ɗaya motar jami'a. Yanzu wankin motoci yake a garejin. Dogon nan mai tabarau yakan zo ya gaishe shi, Yaya ya amsa masa da fara'a. Ni ba na amsawa, kuma ba na jin zan taɓa amsawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne farkawarsa a ranar. Fuska a naɗe, baki a kumbure, ya lalubo hannuna ya ce, "Auta, na taɓa wani?"

Na ce, "Ba ka taɓa kowa ba, Yaya."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce in nemo zare in gyara masa aljihun kafin a sallame shi.